Mai Askin Ranar Talata

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana shiga gidan gyaran halin matasa duk ranar Talata, jakar kayan aski rataye a kafaɗarsa, kuma a tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan komai. Ba wai ba shi da shi ba ne. Duk layinsu an san Mai Aski da ra'ayi, har ya yi masa yawa. Gajere ne, kakkaura, mai sanƙo tun yana ɗan shekara talatin, abin da ya sa abokan wasansa ke cewa Allah ne ya yi masa nasa askin da kansa, don ya san ba zai yarda da hannun kowa ba.

Yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya rasu, kawunsa ya ɗauke shi zuwa shagonsa da ke ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene kusa da tasha. Shekara uku ya yi yana sharar gashi kafin a bar shi ya taɓa almakashi. Da kawun ya tsufa, idanunsa suka yi rauni, shagon ya dawo hannunsa: kujera biyu, benci ɗaya, madubin da ya tsage ta kusurwa, da fankar da ba ta juyawa sai gefen hagu, shi ya sa kowa ke rububin zama a can. A wannan shagon ya yi aure, a nan ya ciyar da 'ya'ya huɗu.

Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata, tana shekara ta biyu a kwaleji barci ya ƙaurace mata. Ta fara cewa maƙwabta na ambaton sunanta ta jikin bango. Ta liƙe tagar ɗakinta da jarida, ta daina cin abin da ba ita ta dafa ba. Wata takwas suka yi suna yawo da ita, kowa da abin da yake cewa, har wani direban motar asibiti da ke zuwa aski ya ce masa, "Kai, ka kai yarinyar nan ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ciwo ne kamar kowane ciwo." Mako shida ta yi a kwance. Yanzu malamar firamare ce, da mijinta da 'ya'yanta biyu, tana shan ƙwaya ɗaya kullum. A gidan ba a tada zancen. Matarsa ta ce sirrin 'ya mace ne, shi kuwa, duk da bakinsa, ya kama shi a kan wannan.

Aikin gidan gyaran hali ba shi da wani salo. A bakin ƙofa ake ƙirga masa kaya: injin aski biyu, almakashi ɗaya, mataji, burushi, tawul. Reza ba ta shiga. A barandar da ke jikin kicin ake ajiye masa kujerar roba kusa da soket, yaran su jeru a tsugune, daga ɗan shekara goma sha shida zuwa ɗan ashirin da ɗaya, kowa a yi masa ƙwal-kwabo. Akwai masu ƙwacen waya, akwai 'yan sara-suka, akwai da yawa da ke jiran shari'ar da ba ta zuwa. Bai taɓa cewa waliyyai ba ne. Sun taɓa zare masa agogo daga hannu yana tsaka da aski, bai sani ba sai da ya ɗaga hannu zai duba lokaci. Yakan ba da labarin a shago yana dariya, ya ce yaron da ya yi wannan da likitan tiyata ya zama da an huta.

Amma wanda ke riƙe kan mutum duk mako yana ganin abin da mai gadi ba ya gani. Ya ga wanda ke tsige gashin kansa har wurin ya yi fili. Ya ga wanda ke dariya shi kaɗai yana ba wani amsa, alhali babu kowa a gefensa. Ya ga hannuwa masu tabon yanka a jere. Gandurobobi suna da suna uku ga irin waɗannan: ɗan ƙwaya, mai taurin kai, ko mai wasan kwaikwayo. Maganin duka ukun ɗaya ne, ɗakin baya. Mai Aski yakan dawo gida ya yi ta faɗa har abincinsa ya huce, Talata ta zagayo ya koma ya ce wa kowa ina kwana. Haka ya yi shekara da shekaru, kuma idan ya tuna yanzu wannan ne ya fi ci masa rai.

Sai aka kawo Injiniya. Dogo ne, siriri, ɗan shekara goma sha takwas, da dogayen yatsu. Gyaran waya da rediyo yake koyo, shi ya sa sunan ya bi shi har ciki. Laifinsa shi ne wata rana da tsakar rana ya ɗauki guduma ya bi layinsu gida-gida ya farfasa mitar wuta goma sha ɗaya, ya yanke wayoyin, ya tara su a ƙofar gidansu ya zauna a kai. Ko ɗaya bai sayar ba. Cewa ya yi na'urorin na naɗar maganar mahaifiyarsa suna aika wa wasu. Maƙwabta suka yi masa dukan kawo wuƙa, 'yan sanda suka rubuta ɓarnata dukiya da sata.

Talatar farko ya zauna a kujera lafiya lau, har ya gaishe da Mai Aski da ladabi. Ana kunna injin ya zabura, kujera ta kife, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu.

"Kashe shi, Baba. Suna ciki."

Mai Aski ya kashe. "Su wa ke ciki?"

"Su ɗin nan. Sun ce kai ma aiko ka aka yi."

Mai Aski ya taɓa jin irin wannan maganar, kusan kalma da kalma, a tsakar gidansa.

Ganduroban da ke kula da layin, wani ƙato da kowa ke kira Sajan, ya sauke wa yaron kulki a baya. "Wasan kwaikwayo ne. Ya ji an ce mahaukaci ba ya zuwa kotu. Ku riƙe min shi."

Mutum huɗu suka danne shi a ƙasa, Sajan ya ce a yi aski. Mai Aski kuwa ya yi. Ya durƙusa ya kunna injin ya bi kan yaron da shi, yaron na kururuwa yana kiran mahaifiyarsa, yana fizge-fizge har Mai Aski ya yanke shi a bayan kunne. Rabonsa da ya fitar wa mutum jini tun yana yaron shago. Ya gama sauran kawunan, aka ƙirga masa kaya, ya fito.

Ranar bai yi faɗa a gida ba. Matarsa ta ajiye masa abinci, ta dawo ta tarar bai buɗe ba.

"Baban yara, lafiya? Yau gwamnati ba ta yi laifi ba ne?"

"Ni na yi," ya ce.

Mako na gaba ya roƙi Sajan a bar yaron ya zama na ƙarshe. Da layi ya ƙare ya cire wayar injin daga soket a gabansa, ya naɗe ta ya sa a jaka, ya fito da almakashi da mataji. Askin minti uku ya ɗauki kusan rabin awa. Injiniya ya zauna a takure, can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Baba, injinka na biyu, baƙin nan, wayarsa ta kusa tsinkewa daga gindi. Ƙararsa na yankewa." Da Mai Aski ya koma shago ya kwance injin, sili biyu ne kawai suka rage a wayar.

Tun daga nan ya fara yawon ofis. Ya fara da malamin jinyar gidan, wani matashi mai haƙuri da ke zaune a ɗan ɗaki da kabad ɗaya. Malamin ya buɗe masa kabad ɗin ya gani da idonsa: maganin ciwon kai, na zazzaɓi, na ƙaiƙayi.

"Na sani, Baba. Sau uku ina rubutawa. Kuma ba shi kaɗai ba ne, su tara ne a littafina."

"To a kai su asibiti mana."

"Sai da umarnin kotu. In an samu umarnin, sai mota, sai mai, sai gandurobobi biyu da za su zauna da shi."

"Kotun fa?"

"An ɗage. Takardunsa ba su iso ba. Da suka iso kuma aka sauya alƙalin."

"Yanzu me kake ba shi?"

Malamin ya nuna maganin ciwon kai, ya yi wata dariya marar daɗi. "Ai a kai ciwon yake."

Shugaban gidan ya bar shi a tsaye a bakin ofis fiye da awa ɗaya, sannan ya saurare shi yana sa hannu a takardu.

"Malam, aski aka ɗauke ka ko likitanci?"

"Aski, ranka ya daɗe."

"To nan gidan gyaran hali ne, ba asibiti ba. Yaron nan ya jefa gida goma sha ɗaya cikin duhu. Su ma mutane ne."

"Mutane ne, kuma an zalunce su. Amma wane hali za ku gyara a jikin marar lafiya? Wanda ya karye a ƙafa, tsallen kwaɗo kuke sa shi ya warke?"

Shugaban ya ajiye biro ya dube shi a karo na farko. "Ka ga waɗanda ke neman kwangilar nan taka? Layi ne."

A bakin ƙofa ya haɗu da mahaifiyar yaron. Ranar ziyara Asabar ce, amma wani ya gaya mata mai aski na ganinsa kusa da kusa, sai ta riƙa zuwa Talata tana jira a gindin katanga. Shara take yi a wata makaranta, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tambayarta ta farko kullum ita ce ko yana cin abinci. Wata rana ta zaro leda daga jakarta, ta warware, ta miƙa masa wani kati.

"Na kai shi asibitin, Baba. Ni da kaina na kai shi, da na ga ya daina barci. Suka ce likita ɗaya ne, mu dawo bayan wata uku. Ga ranar nan a rubuce. Saura kwana tara ya yi abin nan."

"Kin nuna wa 'yan sanda?"

"Na nuna. Wanda ke rubutu ya ce duk uwar ɓarawo haka take cewa. Sai ya rubuta wai yana shaye-shaye. Yaron da ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba."

Mai Aski ya daɗe yana kallon katin. Ga hatimi, ga kwanan wata, ga sunan yaron. Hukuma ɗaya ta ce ya jira, hukuma ɗaya ta kama shi don ya kasa jira, ta uku ta kulle shi tana jiran kotu, kuma kowa a cikinsu ya yi aikinsa daidai, babu wanda za a ce ya yi laifi. Ya mayar mata da katin ya ce ta adana shi kamar idonta.

Wata bakwai aka yi a haka. Injiniya ya rame har mataji na karo da ƙashin kansa. Ya daina cin abinci, ya ce ana zuba masa wani abu. Wata safiya abokin ɗakinsa ya taɓa shi yana barci, ya tashi ya shaƙe shi, ganduroban da ya zo raba su ya sha cizo a hannu. Aka ƙara masa sabuwar tuhuma, cin zarafin jami'i. Talata uku a jere Mai Aski bai gan shi a layi ba. In ya tambaya, a ce yana horo.

Ana nan sai aka aiko masa ya zo ran Litinin, aiki na musamman. Ya tarar ana fentin bango, an share magudana, an raba wa yara sabbin riguna. Washegari kwamitin duba gidajen tsare mutane zai zo, da wata babbar alƙaliya a gaba. Ya aske kai sittin. Yana naɗe tawul Sajan ya matso ya ce a hankali, "Saura ɗaya. Ko da za a ce a fito da shi."

Ɗakin baya na bayan sito ne, ba taga, sai wata 'yar kafa a saman ƙofa. Warin ne ya fara tarbarsu. Bokiti a kusurwa, tabarmar roba, yaron a zaune babu riga, sarƙa a ƙafarsa ta hagu an ɗaure ta da ƙarfen da ke jikin bango. Idon sawun ya kumbura ya fashe. Goshinsa duk ɓawon jini, inda yake buga shi da bango. Kwarkwata na yawo a gashinsa. Mai Aski ya tsuguna ya ce, "Injiniya, ni ne." Yaron ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba, leɓɓansa na motsi da maganar da ba ta fita.

Ya yi askin a tsugune, da hasken tocilan ɗin Sajan. Da suka fito ya juya zai yi magana, Sajan ya riga shi.

"Kada ka kalle ni haka, Baba. Ni ma ina da ɗa sa'ansa. In na sake shi ya kashe wani, ko ya kashe kansa, wa za a tambaya? Kulki aka ba ni da mukulli. Ba a koya min wani abu ba."

"Da ka ce wasan kwaikwayo ne fa?"

Sajan ya kashe tocilan. "Babu mai wasa haka."

Daga nan bai wuce gida ba, gidan 'yarsa ya nufa. Ya same ta da la'asar tana duba littattafan 'yan ajinta a tsakar gida. Ya ba ta labarin duka, har da ranar da ya durƙusa ya aske yaron ana danne da shi.

"Uwata, gobe zan yi magana. Za su ce ni ba likita ba ne, ina na sani. Amsa ɗaya gare ni, kuma ba tawa ba ce, taki ce. In kin ce a'a, na bar ta."

Ta rufe littafin da ke hannunta. "Shekararsa nawa?"

"Sha takwas. Ya shiga sha tara a ciki."

"Ni ina da ashirin lokacin da nawa ya same ni." Ta ajiye littafin a gefe. "Ka san akwai ranar da na ɗauki wuƙa na tsaya a bayan ƙofa ina jiran matar maƙwabcinmu? Inna ce ta karɓe, ba ta gaya maka ba. Da ta shigo, da yanzu ni kake zuwa dubawa ran Asabar. Faɗa, Baba. Na gaji da ɓoyewa kamar wadda ta yi sata."

Matarsa ba ta ji daɗi ba. Ta ce dangin mijin yarinyar ba duka suka sani ba, ta ce bakin duniya ba ya rufuwa, ta ce ɗan wani ne ba nasa ba. Ya ce duk gaskiya ne. Da safe ita ta goge masa rigarsa mai kyau, tana guga tana mita.

Shugaban gidan ya sa a ajiye shi a baranda da yaro ɗaya a kujera, don baƙi su ga ana koya wa matasa sana'a. Bai taɓa koya wa kowa komai a gidan ba. Wajen hantsi tawagar ta iso, alƙaliyar a gaba, dattijuwa mai tabarau, tana tafe tana ɗingisa gwiwa. An nuna mata kicin, an nuna mata ajin da aka shigo da kujeru jiya, yara sittin a jere sun gaishe ta da murya ɗaya. Ta zo wucewa ta baranda ta ce, kamar yadda manya ke yi ba don a amsa ba, "Baba, ya aiki?"

"Da godiya, ranki ya daɗe. Sai dai kai sittin da ɗaya na aske jiya, sittin aka jera miki."

Ta tsaya. "Ɗayan fa?"

"Yana bayan sito, a ɗaure da sarƙa. Ba shi da lafiya. Ciwon ƙwaƙwalwa ne."

Shugaban ya yi murmushi ya matso. "Ranki ya daɗe, mai askinmu ne, tsufa ya fara kama shi. Yaron da yake nufi mai taurin kai ne, ya ciji jami'i. Shi kuwa ban san yaushe ya zama likita ba."

"Ban zama ba," in ji Mai Aski, ransa a ɓace. "Amma 'yar cikina ta yi irin ciwon nan. Abin da yaron nan ke faɗa shi ta faɗa. Mako shida ta yi a asibiti, yau malamar makaranta ce, watakila jikan wani a cikinku na ajinta. Ita ta samu uba mai tsayawa a layi, shi uwarsa ta tsaya a layin aka ce ta dawo bayan wata uku. Bambancinsu ke nan. Tana bakin ƙofa yanzu da katin asibitin a jakarta. Kuma kada a ce ni na fi kowa. Ni ma an danne shi na aske shi yana kuka, na karɓi ladana na tafi gida."

Alƙaliyar ta ce a kawo mukulli. Aka ce yana hannun jami'in da ya fita aike. Ta dubi yaron da ke kan kujerar aski ta ce, "Tashi, ɗana." Ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya, ta ce gwiwarta dama na neman hutu. Minti arba'in tawaga guda na tsaye a rana. Daga ƙarshe Sajan ya sa hannu a aljihunsa ya fito da mukullin.

Ba ta daɗe a ɗakin ba. Da ta fito ta nemi malamin jinya, shi kuwa ya zo da littafinsa a buɗe a shafin da sunaye tara suke.

Kwana huɗu bayan haka aka kai Injiniya asibiti. Motar da aka ce babu ta samu, mai ma ya samu. A ƙarshen watan Mai Aski ya samu tasa takardar a bakin ƙofa, layi uku, ana gode masa, ana sanar da shi cewa saboda sabon tsari ba za a sabunta kwangilarsa ba. Ya karanta ya tambayi mai gadin ko sabon tsarin ya haɗa da likita. Mai gadin ya ce shi bai sani ba.

Injiniya ya yi mako goma a kwance. Kotu ta kori ƙarar bayan ya shafe wata goma sha uku a hannun hukuma ba a taɓa sauraronsa ba. Ya fito da ɗingishin da ba zai rabu da shi ba. Maganin na sa hannunsa rawa, ƙananan sukurori na zille masa, don haka ya bar gyaran waya, yana tsaron shagon wani mai sayar da kayan wuta. Maƙwabtansu na da suka ce ba su yarda ya dawo layin ba, uwar ta kwashe kayanta suka koma wata unguwa mai nisa da makarantar da take shara. Duk wata tana raka shi asibiti. Wani lokaci akwai maganin, wani lokaci a ce su sayo a waje.

Mutane na ce wa Mai Aski ya yi jihadi, ya ceci rai, shi kuwa in an faɗi haka sai ransa ya ƙara ɓaci. Cikin taran nan uku kawai aka kai asibiti. Na sauran, aka ce ana kan dubawa. Alƙaliyar ta yi ritaya a shekarar. Ɗaya ya mutu a ciki, aka rubuta zazzaɓi. Biyu shekarunsu suka cika aka mayar da su kurkukun manya. Ɗaya aka sake shi babu magani babu takarda, wata biyu ya dawo da sabon laifi. Duk malamin jinya ne ke kawo masa labarin idan ya zo aski. In wani a kan benci ya ce yaran nan duk a harbe su a huta, Mai Aski kan kashe injin, ko da rabin kan mutum aka yi, sai ya gama faɗin abin da ke bakinsa. Ya rasa masu zuwa aski da dama ta haka, fanka ta samu sarari.

Malamin jinyar ne ya gaya masa labarin wani da ake kira Shiru, ɗan shekara goma sha bakwai, da aka kawo bayan an sallami Mai Aski. An kama shi ya cinna wa rumfar wani wuta. Tun da ya shigo bai ce uffan ba, kuma babu wanda ya taɓa zuwa dubansa. Asabar ta gaba Mai Aski ya rufe shago da hantsi, ranar da ta fi kowace kasuwa, ya je ya bi layin masu ziyara, shi kaɗai namiji a cikin iyaye mata da ledojinsu. Magatakardar ƙofa sabo ne, bai san shi ba.

"Wa kake nema?" Mai Aski ya faɗi sunan yaron. "Me kake da shi? Dangi kawai ake bari."

"Ni kawunsa ne," in ji Mai Aski.

Sajan na tsaye a bayan tebur. Ya dubi Mai Aski, ya juya ya shiga duba wani abu a jikin allon sanarwa. Magatakarda ya rubuta.

Rabin awa ake bayarwa. Yaron ya zauna a ɗaya gefen teburin, hannuwansa a tsakanin cinyoyinsa, idonsa a ƙasa. Mai Aski bai tambaye shi komai ba. Ya ba shi labarin ramin da ke gaban tasha wanda aka yi shekara huɗu ana cewa za a cike, da jikarsa da ta haɗiye maɓalli, da matarsa da ta ce in ya ci gaba da rufe shago ran Asabar to ya nemi wadda za ta riƙa dafa masa ra'ayi ya ci. Yaron bai ɗago ba har aka buga ƙararrawa. Mai Aski ya miƙe yana dafa tebur, ya ce masa zai dawo mako mai zuwa, kuma kafin nan zai je kotu ya ji inda takardunsa suka maƙale.